Turke, Lambu da Maƙwabta: Shigowar Bazara a Ƙasar Gobir

Yau a shirinmu mun nufi gabashin jihar Sakkwato, ƙasar Gobir, ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa, can kusa da iyakar Najeriya da jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar. Cikin gida za mu shiga, mu tsaya a bakin turke, mu duba 'yar shukar bayan ɗaki, mu ji yadda ake zama da na bayan danga a lokacin da ɗari ya yi sallama, bazara ta kunno kai.

[Kukan tantabaru da sautin daka]

Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Maris gari yakan sauya. Hazo ya ja baya, an naɗe barguna, masu kwana a ɗaki sun fara fito da tabarmi tsakar gida. Da asuba akwai ɗan sauran sanyi, amma kafin hantsi rana ta buɗe, kuma kowa ya san inda aka dosa, domin a watan Afrilu zafin wannan yanki yakan haura digiri 40. Mangwaro ya zubar da fure ya ɗaura 'ya'ya. Ciyawar daji ta ƙare, ta zama ƙura. Gawo kuwa, da yake shi a rani yake yin ganye, yana nan kore shar, yana zubo da 'ya'yan da yara ke tsintowa a kai wa dabbobi.

Mu fara da turke, don a nan zuciyar uwargida take. Da wuya ka yi sallama a gida a Sabon Birni ko Gatawa ko Turba ba ka ji kukan akuya ba, kuma mafi yawa jar akuya ce, wadda a Najeriya ake danganta ta da Sakkwato, a Nijar kuma da Maraɗi. Dabba ɗaya ce, iyaka ce kawai ta ratsa ƙasarta. Tana da tarihi mai tsawo. Fatarta da majema suka jeme ita ce fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita zuwa arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai, inda aka san ta da sunan fatar Maroko, ana yin bangon littattafai masu tsada da ita. A Maraɗi har cibiya ta musamman gwamnatin Nijar ta kafa don adana irinta.

Uwargida ba don wannan tarihi take riƙe da ita ba. Tana riƙe da ita ne saboda cikinta wata 5 ne, tana yawan haifar tagwaye, tana ba da ɗan nono, kuma tana jure wahala. Ranar da yaro ya kwanta ciwo, ɗan akuya ake kai wa kasuwa. Ranar da ɗiya ta tasa, daga turken nan kwanuka da katifa suke fitowa. Akuya da tunkiya da kaji a wannan ƙasa yawanci dukiyar mata ce, kuma miji mai mutunci ba ya sa hannu a kai sai da izini.

Bazara kuwa ita ce lokacin jarrabawar mai kiwo. Harawar wake da ta gyaɗa da aka ɗora a kan rumfa tun kaka ta fara raguwa, kuɗinta a kasuwa yana hawa. Sai a koma ga dusa, da ƙaiƙayi, da kowar wake, da ƙasarin da aka wanke gero, a ɗan jefa kanwa. Mai turka ragon layya, uda ne ko balami, shi ya fi kowa jin jiki. Akwai kuma abin da ke damuna ƙwarai, wato leda. Akuyar da yunwa ta kora bola ba ta bambanta ganye da leda. Tana haɗiyewa, ta taru a tumbi, ciki ya kumbura, dabba ta yi ta ramewa, mai ita tana ta neman magani, sai ranar da mahauci ya feɗe a ga abin da ya cinye ta. Share ƙofar gida da ƙone leda ba ya cin ko kwabo.

Kaji su ma sun ga tasku a hunturun da ya wuce. Kusan kowace shekara annoba takan bi gida-gida, kaza ta yi sanyi, ta riƙa zawo, wuya ya murɗe, akurki ya zama fayau cikin 'yan kwanaki. Akwai rigakafinta, wanda ake ɗigawa a ido, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a jihar Filato, wadda take aiki tun 1924, tana yin sa, kamar yadda take yin na annobar awaki da tumaki. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ma tana yaye likitocin dabbobi a nan Sakkwato. Matsalar ita ce isowar magani da ma'aikaci har ƙofar gidan mai kaza 5. Zabi suna jiran damina kafin su fara ƙwai. Tantabaru na samari ne, kuma da yawa daga cikinsu don sha'awa suke kiwo, su san kowace da kamanninta. Kyanwa tana gadin rumbu daga ɓeraye, kare yana ƙofa. Waɗannan biyun su aka fi mantawa da su idan zafi ya tsananta. Malamai sun sha karanta mana hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, da na mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare. A ajiye musu ruwa a kasko a inuwa.

[Ƙarar injin ban ruwa daga nesa]

Ƙasar nan tana da albarkar fadama. Gulaben Bunsuru da Gagare suna haɗuwa su zama gulbin Rima, gulbin Maraɗi ya gangaro daga Nijar ya ƙara masa, ruwan ya wuce zuwa madatsar Goronyo. A wannan lokaci ne ake cire albasa, ana tsinkar tattasai da tumatir, ana yanka latas da kabeji. Da jigo kakanni suka yi ban ruwa. Daga shekarun 1990 shirin Fadama ya yaɗa ƙananan rijiyoyin burtsatse da injuna, sai dai tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mai ya sa wasu rage fili, masu hali kuma suka koma injin mai aiki da hasken rana.

Lambun da ya fi jan hankalina ƙarami ne, wanda ke bayan ɗaki. Zogale biyu ko uku, ɗan layin yakuwa da rama, alayyafo a tsohon bokiti, lalle a kusurwa. Ba a saya masa taki, daga turke ake kwasowa. Ba a jawo masa ruwa na musamman, inda ake alwala nan ake shuka zogalen, ruwan wanke hatsi da na ɗaurayar ƙwarya su ishi sauran. Ban da ruwan sabulu dai, shi yana ƙona shuka. A yi ban ruwa da sassafe ko bayan la'asar, a rufe gindin da ƙaiƙayi don damshi ya daɗe. A watannin da ganye ke tsada, gidan da ke da zogale ba ya rasa kwaɗo, ba ya rasa miya.

To, ga akuya mai yunwa, ga koren ganye a bayan dangar kara. Ba sai na gaya muku abin da zai biyo baya ba. Al'adar da aka gada ita ce a ɗaure dabbobi da damina, a sake su bayan an kawar da amfanin gona. Noman rani da shukar cikin gida sun sa wannan tsari bai isa ba. Sai ka ji murya ta ƙetaro danga: “Wagga akuya ta wa ta? Ta cinye min yakuwa!” Daga nan magana takan rabu biyu. A wani gidan uwargida za ta yafa gyale ta zagayo da kanta ta ce, “Inna, ki yi haƙuri, yara ne suka kwance ta, yanzu za a ɗaure,” da yamma kuma ta aiko da 'yar ƙwaryar fura. A wani gidan sai a ce ai dabba ba ta da hankali, kowa ya gyara shingensa, har magana ta kai gaban mai unguwa, yara su daina shiga gidajen juna.

Shari'a ba ta bar wannan a buɗe ba. A littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, irin su Muwaɗɗa da Risala, asalin hukuncin shi ne mai shuka ya tsare shukarsa da rana, abin da dabba ta ɓata da dare kuma yana wuyan mai ita, tare da sharuɗɗan da malamai suke bayani. Kowane ɓangare an ɗora masa nasa nauyin. A ganina, a cikin gari inda gida ke manne da gida, mai akuya ya fi cancanta ya ɗauki kaso mafi girma, domin igiya ta fi shinge araha, kuma shukar wata 2 tana iya ƙarewa kafin a idar da sallar azahar.

Masu sauraro, da a ce shekaru 20 baya muke wannan shiri, da a nan za mu tsaya. Yau ba zai yiwu ba. Sabon Birni da Isa suna cikin wuraren da 'yan bindiga suka fi addaba a arewa maso yamma. A ƙarshen watan Mayun 2020 an kashe mutane sama da 70 a ƙauyukan da suka haɗa da Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da Katuma. A watan Satumbar 2021 aka katse layukan waya a yankin. A watan Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Allah ya jiƙansu da rahama. Dubban mutane sun ƙetara zuwa yankin Gidan Runji a jihar Maraɗi, wasu sun tare a cikin garuruwan Sabon Birni da Isa. An kore shanu, gonakin nesa sun gagara zuwa, yaran da ke fita yankan ciyawa da tsintar gawo ba sa yin nisa.

Wannan ne ya ƙara wa turke da lambun bayan ɗaki daraja. Abin da a da ake ɗauka ƙari ne, yanzu shi ke riƙe da gidaje da yawa. Maƙwabcinka na yau kuma wataƙila baƙo ne, matar da ta baro garke da rumbu ta iso da 'ya'ya da ƙullin tsumma. Muna da tsohuwar al'adar bayar da kiwo: ka ba mace akuya ta riƙe, in ta haihu a raba bisa abin da aka yi alkawari. Ba a taɓa buƙatarta kamar yanzu ba.

Kiranmu ga gwamnatin jihar Sakkwato da shugabannin ƙananan hukumomin biyu, bayan maganar tsaro da ta fi komai, shi ne a kai rigakafin kaji da awaki unguwa-unguwa kafin damina ta faɗi, a gyara rijiyoyin burtsatsen cikin gari da suka lalace. Ku kuma iyayenmu mata da magidanta, a ɗaure akuya, a toshe kafar danga, a kwashe leda. Wadda ke da awaki 4 ta duba baƙuwar da ke kusa da ita ta ba ta ɗaya kiwo, wanda zogalensa ya yi 'ya'ya ya raba iri.

Allah ya kawo mana zaman lafiya a ƙasar Gobir, ya kai mu damina lafiya.