Kwazazzabon Samariya: Daga Kan Dutse Zuwa Bakin Teku a Yini Guda

Tun da asuba motocin safa ke tashi daga birnin Haniya, a tsibirin Kirit na ƙasar Girka, su nufi Fararen Duwatsu. Kafin rana ta yi zafi an sauke mutane a Kisiloskalo, wato "tsanin katako" a harshen mutanen wurin, inda tudun ya haura mita 1,200 daga teku. Daga nan kuma sai ƙafa. Tafiyar kilomita 16 ce ta cikin kwazazzabon Samariya, awa biyar zuwa bakwai, ba ta ƙarewa sai a bakin teku.

Wanda bai taɓa yi ba zai ce ai gangara ce, mene ne abin wahala? To, gwiwa ce za ta ba shi amsa. Mai hawa numfashinsa ke gajiya. Mai sauka kuwa naman cinyarsa ke taka birki a kowane taku, yana miƙewa yana riƙe nauyin jiki, shi ya sa tsamin jikin ba ya fitowa sosai sai gobe ko jibi. Masu gadin dajin ma alfadarai suke ajiyewa saboda wanda ya gurɗe ƙafa, don mota ba ta shiga.

Wa ya tsaga dutsen haka? Ruwa ne, amma ba shi kaɗai ba. Yawancin duwatsun nan na farar ƙasa ne, ruwan sama kuma idan ya gauraya da iskar kabon yakan yi ɗan tsami, ya riƙa narkar da su a hankali. Ta ƙarƙashi, ɓawon ƙasar da ke ɗauke da Afirka yana kutsawa ƙarƙashin na yankin Girka, yana ɗaga tsibirin sama. A girgizar ƙasar shekarar 365 Miladiyya, wani sashen yammacin Kirit ya ɗagu da kusan mita 9 a lokaci guda. Ƙasa na tashi, rafi na cin ƙasa da yashi da tsakuwar da ya kwaso, kamar mai tura katako a bakin zarto. Aikin ya fi bayyana a wurin da ake kira Ƙofofi: faɗinsa bai wuce mita huɗu ba, bangayen biyu kuma sun miƙe sama kusan mita 300. Mutum ya ɗaga kai sai ya ga ɗan zirin sararin sama kawai, ga rafi yana gudu a gefen ƙafarsa.

Da rani rafin abin raini ne, a tsallake shi a kan duwatsu. Da hunturu, lokacin ruwan samansu, yakan cika wannan matsattsen wuri, babu mafaka. Saboda haka daga watan Mayu zuwa Oktoba ake buɗe hanyar, kuma ko a cikin wannan lokacin, idan hadari ya haɗo ana rufewa. Baƙi kan yi gunaguni. Ni dai ina ganin hukuma ce ke da gaskiya.

A tsakiyar hanya akwai kufan ƙauyen Samariya. An tashi mutanensa a 1962, lokacin da aka mai da wurin gandun daji, musamman don kare awakin dajin da ake kira kiri-kiri. Ta wannan kwazazzabon ne kuma Sarkin Girka, Joji na Biyu, ya tsere a 1941 da sojojin Jamus suka auka wa tsibirin, ya shiga jirgin ruwa zuwa Masar.

Ƙarshen tafiya ƙauyen Ayiya Rumeli ne, a gaɓar Tekun Libiya. Mutane kan jefar da jaka su faɗa ruwa, ƙafafu duk sun yi bororo. Yashin bakin tekun baƙi-baƙi ne, gauraye da tsakuwa, da rana ba ya takuwa sai da takalmi. Tsakuwar nan, da yawanta ɓarɓashin duwatsun da aka ratso ne, rafi ya kawo ta, igiyar ruwa ta goge ta sumul.

Sai dai mai wanka ya sa ido a kan agogo. Babu titin mota da ya iso ƙauyen. Jirgin ruwa ne ke kwashe mutane da la'asar zuwa Sujiya ko Hora Sifakiyon, inda motoci ke jira, wanda ya bari ya tashi kuwa a nan zai kwana.