Ƙanƙarar Da Ke Cin Wuta

A unguwar Dawaki ta garin Gombe, inda zafin bazara ke narkar da ƙanƙarar masu sayar da ruwan sanyi tun kafin azahar, da wuya mutum ya yarda cewa ƙanƙara tana iya toshe bututun gas. Amma tun da aka ƙaddamar da aikin haƙar mai da gas na Kolmani, kan iyakar Jihohin Gombe da Bauci, a watan Nuwamba na 2022, ya kamata jama'a su san wannan al'amari.

Ƙanƙarar gas fara ce, kamar wadda aka sani, sai dai idan aka ƙyasta mata ashana takan kama da wuta. Dalili kuwa shi ne, ƙwayoyin ruwa kan harhaɗu su zama kamar keji, su tsare iskar metan a ciki, watau iskar da ta fi yawa a gas ɗin ƙarƙashin ƙasa. Gwargwado ɗaya na ƙanƙarar yana ɗauke da kimanin gwargwado 160 na iska.

Abu biyu ke riƙe da kejin nan: sanyi da matsi. A sanyin da ruwa ke daskarewa, sai matsi ya kai kimanin ninki 26 na matsin iskar duniya kafin ƙanƙarar ta tsaya. A digiri 10 kuwa, sai wajen ninki 70. Iskar da mai faci ke ɗura wa tayar ƙaramar mota ba ta wuce ninki uku. Da zarar zafi ya ƙaru ko matsi ya ragu, sai kejin ya wargaje, ruwa ya koma ruwa, iska ta kuɓuce. Shi ya sa ake samunta a ƙarƙashin teku mai zurfi, har da tekun da ke gaban yankin Neja Dalta. A 2013 ƙasar Japan ta gwada ciro gas daga irinta ta hanyar rage matsi.

To, ina ruwan ƙasa mai zafi da wannan? Gas da ke cikin babban bututu yana da matsi ƙwarai, kuma duk inda ya ratsa ƙuntataccen wuri yakan yi sanyi nan take. Muddin akwai danshi a ciki, ƙanƙara na iya haɗuwa. Wani injiniya, Hammerschmidt, shi ya gano haka a Amurka a 1934. Saboda haka ake busar da gas kafin a tura shi, ko a zuba masa sinadarin metanol.

Haɗarin ya fi yawa wajen buɗe toshiyar. In aka rage matsi ta ɓangare ɗaya kaɗai, dunƙulen na iya tashi kamar harsashi ya fasa bututu. In aka gasa wurin da wuta, iskar da ta kuɓuce ba ta da mafita. Ƙwararru kan sauke matsin ne ta ɓangarorin biyu, sannu a hankali, ko da aikin zai ɗauki kwanaki.