Toshe ƙofar sukarin waje ba zai cika rumbun manomin Daura ba

Duk gab da azumi, da zarar buhun sukari ya yi tsada, sai ka ji ana faɗa a majalisun Daura: "A hana shigo da na waje kawai, manomin rake ya dara." Kishin ƙasa ne ke sa dattawanmu wannan magana, kuma sun ga yadda noman shinkafa ya motsa bayan rufe iyakoki a 2019. Allah ya ƙara girma, amma rake ba shinkafa ba ne.

Ai an gwada. A 2012 gwamnatin tarayya ta amince da shirin sukari na shekara goma: haraji mai nauyi a kan tataccen sukarin waje, rangwame ga kamfanin da ya yi alkawarin noma rake a gida. Dangote na Numan, BUA na Lafiagi, Flour Mills kuma na Sunti a jihar Neja, inda marigayi Buhari da kansa ya buɗe masana'antar a 2018. Wa'adin ya cika, amma fiye da kashi 90 cikin 100 na sukarin da muke sha ɗanyensa ake kawowa a jirgin ruwa, akasari daga Birazil, a tace a nan. Ƙofar ba ta rufu ba, makullin ne ya koma hannun kamfanoni uku.

To, a ce ma ta rufu. Raken da yaro ke turawa a baro ranar kasuwar Mai'adua, yana fere shi gaɓa-gaɓa, raken sha ne, mai kauri da laushi. Injin kamfani wani iri yake so, siriri mai tauri, kuma in aka sare shi dole a matse cikin kwana ɗaya ko biyu, in ba haka ba zaƙin ya fara gudu. Wace mota za ta kai shi Numan daga Baure a kan lokaci? Ga kuma matsalar ruwa. Rake yakan kusan shekara a gona yana sha, mu kuwa daminarmu wata huɗu ce in ta yi kyau, ƙasar kuma jigawa. Ruwan dam ɗin Sabke da na Daberam ya fi amfanar talaka a tumatir da albasa da alkama, waɗanda yake kwashewa cikin 'yan watanni.

Inda kamfani ya matso kusa da mu ma, a Gagarawa ta Jigawa, gonakin mutane ya fara nema, aka yi ta rigima a kan diyya.

Manomin gero na Zango ko Sandamu ba mai sayar da sukari ba ne, mai saye ne. Shi ke zubawa a koko da kunu da fura, shi ke biyan mai shayi. Duk kobon da kariyar ta ƙara a kan mudu daga aljihunsa yake fita. In ana son ƙaramin manomin rake ya amfana, a je a ga masu dafa mazarƙwaila a Maƙarfi, a taimaka wa masu fadama da ƙananan injinan matsa da iri mai kyau.