Wa ya taɓa agogon?

Duk shekara, da zarar Oktoba ta zo ƙarshe, sai maganar ta tashi a gidajen kallon ƙwallo na Dutse Uku da Nasarawa Gwong a nan Jos. Wasan Firimiya da aka saba farawa ƙarfe uku na yammacin Asabar ya koma ƙarfe huɗu, na Zakarun Turai da ake kallo ƙarfe takwas na dare ya koma tara. Daga nan sai malamai su yi yawa. Wani ya ce gwamnati ce ta canza lokaci ba tare da sanarwa ba, wani ya ɗora wa masu tashar talabijin, wani kuma ya zaro wayarsa ya nuna cewa ita ma da kanta ta ja baya da awa guda, don haka lallai akwai lauje cikin naɗi. A cikin wannan hayaniya akwai gaskiya, akwai rabin gaskiya, akwai kuma zunzurutun ƙarya.

Mu fara da babbar. Najeriya ba ta canza agogo, kuma babu wani mahaluki a Abuja da ke da hannu a sauyin lokacin wasa. Agogonmu yana gaban na GMT da awa ɗaya, rani da damina, kuma haka yake tun ranar 1 ga Satumba, 1919. Kafin nan Turawan mulkin mallaka sun ɗan yi laluben inda za su tsayar da shi. A 1914, shekarar da aka haɗe Arewa da Kudu, da rabin awa kawai ya ɗara GMT. Lokacinmu ɗaya da Nijar da Kamaru da Chadi da Benin, shi ya sa mai karanta labarai a rediyo yake cewa "agogon Najeriya da Nijar" da numfashi ɗaya. Ghana tana bayanmu da awa ɗaya, Saudiyya tana gabanmu da awa biyu, kuma babu mai motsawa a cikinsu. Alhajin da ya gyara agogonsa a Jidda ba zai sake taɓa shi ba sai ranar dawowa.

Masu motsawa su ne Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai. Ranar Lahadin ƙarshe ta Maris suna tura agogo gaba da awa ɗaya, ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba su mayar da shi mazauninsa. A watanni bakwai ɗin da ke tsakani, agogon Landan daidai yake da na Jos, na Madrid da Paris da Berlin kuma yana gabanmu da awa ɗaya. Da sun koma, sai Landan ta faɗa bayanmu, Paris ta zo daidai da mu. Ɗan wasan da ke Manchester ƙarfe uku yake shiga fili kamar kullum. Mu ne muke ganin ƙarfe huɗu. Amurka na da nata jadawalin, daga Lahadi ta biyu ta Maris zuwa Lahadin farko ta Nuwamba, saboda haka mai ɗan'uwa a New York yakan tarar da tazarar da ke tsakaninsu wani lokaci awa biyar ce, wani lokaci shida.

Maganar waya kuwa gaskiya ce, sai dai ba ruwan hukuma. Wayoyi da yawa da muke riƙewa na hannu ne, daga Turai aka shigo da su, wasu kuma a wurin gyara aka saita musu lokaci cikin gaggawa. Idan an bar waya a kan lokacin Landan, za ta yi ta ba ka lokaci daidai tun daga Afrilu har Oktoba, ba za ka taɓa zarginta ba, sai wata safiyar Lahadi ta ja baya da awa ɗaya, ƙararrawar da ka saita don Asuba ta kaɗa bayan an fito masallaci. Wadda aka bari a kan Paris ko Brussels akasin haka take yi: lafiya lau a hunturu, ƙarshen Maris ta yi tsalle gaba. A shiga saitin kwanan wata da lokaci a zaɓi Legas, shi ke nan an rabu da ita.

Sai masu cewa Turawa sun gano dabarar ƙara tsawon yini, mu ma ya kamata mu kwaikwaya. Tura agogo ba ya ƙara wa yini ko daƙiƙa ɗaya. Kamar a ɗebi mudu ɗaya daga buhun safe a zuba a buhun yamma ne, hatsin bai ƙaru ba. Abin da ya sa dabarar ta yi musu ma'ana shi ne suna da rarar hasken safiya da babu mai amfani da shi. A Landan, yinin ƙarshen Yuni ya haura awa 16 da rabi, na ƙarshen Disamba bai cika awa 8 ba. Da ba su tura agogo ba, da a watan Yuni rana za ta fito musu tun kafin ƙarfe huɗu na asuba, kowa na barci. Sai suka ce gara a kwaso wannan awar a kai ta yamma, lokacin da mutane suka tashi daga aiki.

Jos ba ta da wannan rarar. Muna kusan daraja 10 ne kawai arewa da layin Ikwaita, saboda haka yininmu mafi gajarta awa 11 da rabi ne, mafi tsawo kuma awa 12 da kusan minti 40. Duk bambancin shekarar bai wuce awa ɗaya da 'yan mintoci ba. A watan Yuni rana na fito mana jim kaɗan bayan ƙarfe shida. A tura agogo gaba, sai ta koma bayan ƙarfe bakwai: yaran makarantar boko su fita cikin duhu-duhu, mai kai kayan gwari kasuwar Farin Gada ya yi rabin aikinsa da tocila, a yi kiran Magariba dab da ƙarfe takwas. In kuwa aka ce a bar shi haka har Janairu, lokacin da rana ke fitowa wajen bakwai saura kwata, sai ta kai takwas saura kwata. Wanda ya taɓa watsa ruwa da sassafe a Dutse Uku cikin sanyin Janairu ya san abin da ake nufi da a tashe shi awa ɗaya kafin lokacinsa. A ganina wannan kaɗai ya isa hujja.

Akwai tatsuniyoyi biyu game da asalin abin, su ma Turawan suna yaɗa su a tsakaninsu. Ta farko wai don manoma aka ƙirƙiro shi. Manoma ne ma suka fi kowa adawa da shi, domin saniya ba ta duba agogo kafin a tatse ta, raɓa ma ba ta bushewa don an taɓa hannun agogo. Matsin lambarsu na cikin abin da ya sa Majalisar Amurka ta soke dokar tura agogo a 1919. Ta biyu wai Benjamin Franklin ne ya ƙirƙira. Abin da ya yi a 1784, yana zaune a Paris, wasiƙar barkwanci ce ya rubuta yana tsokanar mutanen birnin cewa da za su riƙa tashi da wuri da sun yi tsimin kyandir. Bai ce a taɓa agogo ba. Waɗanda suka kawo shawarar da gaske su ne George Hudson, mai nazarin ƙwari a New Zealand, a 1895, da William Willett, wani magini ɗan Ingila, a 1907. Willett ya rasu a 1915 bai ga an aiwatar ba. Yaƙi ne ya tabbatar da ita: Jamus ta tura agogo ranar 30 ga Afrilu, 1916, don tsimin gawayin kwal a Yaƙin Duniya na Ɗaya, Ingila ta bi sahu bayan makonni uku.

To, yana rage shan wutar lantarki? Nan ne rabin gaskiyar take. A zamanin da fitila ce ke cinye yawancin wutar gida, ya rage. Yau lissafin ya rikice. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ƙiyasta a 2008 cewa makonnin da ƙasar ta ƙara wa tsarin tura agogo sun rage shan wuta da kusan rabin kashi 1 cikin 100 a kullum. Amma a jihar Indiana, wadda ta rungumi tsarin baki ɗaya a 2006, masu bincike sun tarar wutar gidaje ta ƙaru da kusan kashi 1 cikin 100, domin abin da aka yi tsiminsa a fitila ya tafi a na'urar sanyaya ɗaki. Ribar da ta fi tabbata ta hasken yamma ce: shaguna na samun ciniki, mutane na fita motsa jiki, wani bincike na 2015 a Amurka ma ya nuna fashi a kan titi yana raguwa da kusan kashi 7 cikin 100 bayan an tura agogo.

Masu cewa canjin agogo na kashe mutane sun zuzuta, amma ba ƙirƙira suka yi ba. Awar barcin da ake rasawa a Maris tana da farashi. Binciken da aka yi a Suwidin, aka buga a 2008, ya nuna bugun zuciya na ƙaruwa da kusan kashi 5 cikin 100 a makon farko. Wani na 2020 ya nuna haɗarin mota mai kisa a Amurka na ƙaruwa da kusan kashi 6 cikin 100 a wannan makon. Ƙari ne ƙanƙani, na 'yan kwanaki, amma ya isa ya sa ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta nemi a daina tura agogo kwata-kwata. Barin sa a gaba dindindin ma an gwada: Amurka ta yi a Janairun 1974 lokacin tsadar mai, iyaye suka ga 'ya'yansu na jiran motar makaranta cikin duhu, kafin shekarar ta ƙare aka janye.

Wani kuma zai ce maka ai Turai ta riga ta daina. Ba ta daina ba. A 2018 an ji ra'ayin mutum miliyan 4.6, kashi 84 cikin 100 suka ce a daina, Majalisar Turai ta kaɗa ƙuri'ar amincewa a Maris ɗin 2019, amma gwamnatocin ƙasashen suka kasa daidaitawa, magana ta kwanta. Waɗanda suka daina da gaske sun haɗa da Turkiyya a 2016, Brazil a 2019, da Iran a 2022. Masar kuwa dawowa da shi ta yi a 2023.

Jita-jitar da ta fi shiga zuciya ita ce ta azumi, wai akwai ƙasashen da ke rage tsawonsa ta hanyar juya agogo. Abin da ya yi kama da haka a Maroko aka yi shi. A 2018 ƙasar ta tsayar da agogonta daidai da namu, amma ta riƙa mayar da shi baya da awa ɗaya duk watan Ramadan. Abin da hakan ke yi shi ne ma'aikaci ya sami ƙarin barci bayan sahur, kuma ya tashi daga aiki Magariba ta fi kusa. Tsakanin fitowar alfijir da faɗuwar rana kuwa babu abin da ya ragu. Ƙishirwar na nan yadda take. Lebanon ta nuna inda rashin fahimtar wannan ke iya kaiwa. A Maris ɗin 2023, firaministan riƙo Najib Mikati ya ɗage tura agogo sai wajen ƙarshen azumi, Cocin Maronite ta ce ba ta yarda ba, wasu makarantu da gidajen talabijin suka tura nasu, ƙaramar ƙasa ta wayi gari da lokaci biyu, har ana cewa ga na Musulmi ga na Kirista. Ba a cika mako ba gwamnati ta janye. Mutumin Jos, wanda ya san yadda ƙaramar magana ke saka rigar addini tsakanin safe da yamma, ba ya buƙatar dogon sharhi a kan wannan.

Saura hujjar dattawa, wadda ta fi ta 'yan ƙwallo ƙarfi: in ba a taɓa agogo, me ya sa ladan ke kiran Magariba wajen ƙarfe shida a Nuwamba, amma a Yuli sai bakwai saura minti goma? Sun lura daidai. Rana ce ke gusawa saboda karkatar duniya a kan hanyarta, kuma sallah rana take bi, shi ya sa ake gyara allon lokutan sallah a masallatai lokaci-lokaci. Haka nan duniya na juya daraja ɗaya a duk minti huɗu, Najeriya kuma tana da faɗi, alhali agogonta ɗaya ne. Tsakanin Maiduguri da Legas akwai kusan daraja 10, wato rana na kaiwa tsaka a Maiduguri kusan minti 40 kafin ta kai a Legas. Da azumi, mutanen Maiduguri na riga mu shan ruwa da kusan kwata, mu kuma mu riga na Sakkwato da kwatankwacin haka, ko da yake yanayin shekara kan ɗan ƙara ko ya rage.