Ɗan Isa: Garin da muke ratsawa, amma ba mu san wa ke riƙe da shi ba

Duk ɗan kasuwar da ke bin hanyar Katsina zuwa Maraɗi ya san Ɗan Isa. Daga Jibiya ka tsallaka iyaka, nan ne za ka fara cin karo da 'yan duwan da jandarmomi, nan ne kuma Naira ke komawa Sefa. Mafi yawanmu iyakar saninmu ke nan: a duba takardu, a sha shayi, a wuce. To amma na lura 'yan'uwanmu da dama yanzu sun kama haya a can, wasu sun yi aure, wasu har gona sun saya. Wanda ya zauna a wuri kuwa, dole ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Ɗan Isa ƙaramar hukumar karkara ce a gundumar Madarunfa, jihar Maraɗi, kimanin kilomita 40 kudu da birnin Maraɗi. Ƙananan hukumomi shida ne a gundumar: Madarunfa, Ɗan Isa, Jiratawa, Gabi, Safo da Sarkin Yamma. Yankin na cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a Nijar, shi ya sa ake noman gero, dawa, wake da gyaɗa sosai. Gulbin Maraɗi, wanda ke fitowa daga ƙasar Katsina ta madatsar ruwan Jibiya, shi ke ratsa gundumar, kuma a fadamarsa ake noman rani. Ka ga ke nan ruwan da manomin Jibiya ke ban-ruwa da shi, shi ne na manomin wannan ɓangaren.

Jama'ar ma ɗaya ce. Bayan jihadi, sarakunan Katsina na da suka yi arewa suka kafa Maraɗi, kuma har gobe Sarkin Katsinan Maraɗi ake kiran mai sarautar. Turawan Ingila da Faransa ne suka ja layi a tsakani a farkon ƙarni na 20. Ƙidayar 2012 ta nuna mutanen ƙaramar hukumar Ɗan Isa sun haura dubu 90, a warwatse cikin ƙauyuka da rugage, galibi Hausawa, sai Fulani da Buzaye. Tun daga lokacin an ƙaru ƙwarai. Haihuwa na da yawa, kusan rabin 'yan Nijar ba su kai shekara 15 ba. Daga 2019 kuma mutanen da 'yan bindiga suka kora daga Zamfara, Sakkwato da Katsina sun yi ta shigowa jihar Maraɗi. A 2021 aka ga zinariya a yankin, matasa suka yi ca, har rami ya rufta a Garin Liman a watan Nuwamba ya kashe aƙalla mutum 18. Allah Ya jiƙansu. Yawan jama'a na kawo ciniki, amma yana kawo tsadar fili da rigimar gona.

Yanzu wa ke mulki? A nan baƙo ke rikicewa, domin hukuma biyu ce ke tafiya tare. Akwai ta gwamnati: gwamna a Maraɗi, shugaban gunduma a Madarunfa, sai ma'aikatar magajin gari a Ɗan Isa. Tun zaɓen ƙananan hukumomi na 2004, kansiloli ake zaɓa, su kuma su fitar da magajin gari a cikinsu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sojoji sun rusa majalisun a Afrilun 2024, suka naɗa kantomomi. Kujerar ta canza hannu, aikin ofis yana nan: takardar haihuwa, ta aure, ta mutuwa, da kuɗin kasuwa.

Sai ta gargajiya: mai unguwa, mai gari, har zuwa sarki. A Nijar doka ta san da su. Mai gari ke tara harajin shekara, wanda mutanen wurin ke kira lanho, shi ke sasanta rikicin gona da na makiyaya kafin a kai gaba. Shawarata ga duk wanda ya sauka da niyyar zama: maigidan da ya sauke ka ya raka ka ka gaida mai gari. Ranar da magana ta taso, wanda aka sani daban, wanda ba a sani ba daban.

Abu biyu nake roƙon masu iyali su kula da su. Na farko haihuwa. In uwargida ta sauka a can, a kai rahoto da wuri a asibiti ko ma'aikatar magajin gari. In wa'adi ya wuce, sai an bi ta kotu, ga ɓata lokaci ga kashe kuɗi. Na ga yaron da ya kai ajin jarrabawa aka nemi takardarsa babu, uban na Kano, uwar ba ta san inda za ta dosa ba. Na biyu fili. Tun dokar karkara ta 1993, akwai kwamitocin kula da filaye, a yau har matakin ƙauye da ƙaramar hukuma, masu ba da takardar shaidar saye, aro ko jingina. "Ai mun yi a gaban shaidu" ba ya isa in mai sayarwa ya rasu, magada goma suka taso. A rubuta, mai gari ya sa hannu, a ajiye kofi a gida biyu. Haka kuɗin kasuwa: ka biya, ka karɓi tikiti.

Mun ga yadda rufe iyaka ke yi mana, daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma daga 2023 zuwa Maris 2024. Motoci sun yi layi, kaya sun lalace, wanda ke da takarda da sanayya a gari shi ya fi samun sauƙi. Ga kuma layin dogo na Kano zuwa Maraɗi ta Jibiya da aka ƙaddamar a 2021. In Allah Ya sa ya kammala, filin da ake rainawa yau a wannan hanya zai yi daraja, kuma ranar nan takarda za a tambaya.