Gacaca: Shari'a a Gaban Maƙwabta

Yau Ruwanda za mu nufa. Bayan kisan ƙare dangin da aka yi wa 'yan Tutsi a 1994, inda aka hallaka mutum kusan 800,000 cikin kwana ɗari, gidajen yari sun cika maƙil da mutum sama da 100,000 da ake tuhuma. Alƙalai da lauyoyi kuwa an kashe wasu, wasu sun tsere. Kotun Majalisar Ɗinkin Duniya da ta zauna a Arusha ta ƙasar Tanzaniya mutum 93 kacal ta tuhuma. Shi ya sa gwamnati ta waiwayi tsohuwar al'adar sasanta maƙwabta da ake kira gacaca, ta yi mata doka, aka fara gwajinta a 2002. Kafin a rufe ta a 2012, ta saurari shari'o'i kusan miliyan biyu.

A lokacin, mutanen gari ne ke zaɓar alƙalai daga cikinsu, a zauna a fili. Wanda ake zargi ya miƙe gaban matar da ya kashe wa miji, ya faɗi abin da ya aikata, da su wa suka yi, da ramin da suka jefa gawar. In ya amsa laifinsa ya nemi gafara, sai a rage masa hukunci, ya cika wani ɓangare da aikin gayya, kamar gyaran hanya ko gina wa waɗanda suka tsira gidaje. Wanda ya kora shanun wani ko ya ɓalle kwanon rufinsa, ya biya. A ganina, ribar gacaca tana nan. Yafiya abu ce ta zuciya, ba kotun da za ta tilasta ta, amma kotu na iya sa a nuna wa uwa inda ɗanta yake ta binne shi da mutunci, ta kuma daina jin maƙwabcinta yana cewa ba abin da ya faru.

Masu suka suna da hujja. Babu lauya mai kare wanda ake tuhuma, an tsoratar da shaidu, an ma kashe wasu, kuma akwai waɗanda suka shigo da tsohuwar gabar gona suka yi wa maƙwabci ƙazafi. Sai dai a tambaya: da me za a maye gurbinta? Zaman gidan yari shekara da shekaru ba tare da an gurfanar da mutum ba ai shi ma zalunci ne. Sukar da ta fi nauyi, wadda ƙungiyar Human Rights Watch ta nanata, ita ce an hana gacaca taɓa kashe-kashen da sojojin RPF, 'yan tawayen da Tutsi ke jagoranta waɗanda suka karɓi mulki bayan kisan, suka yi wa fararen hula 'yan Hutu, ƙabilar da akasarin waɗanda ake tuhuma suka fito daga cikinta. Wannan sukar kam ba ta da amsa, domin sulhun da ɓangare ɗaya kawai ke amsa tambaya yana barin ɗayan da ƙullin zuciya. Waɗancan ƙararrakin kotunan soja aka bar wa, kuma sojoji ƙalilan ne suka gurfana.