Galmi: Yadda Mishan Ta Shigo Adar Ta Ƙofar Magani

A Madawa, Buza ko Keita, in aka ce an wuce da mara lafiya Galmi, kowa ya san ciwon ya fi ƙarfin jiƙo da sassaƙe. Garin da albasarsa ta yi suna har kasuwannin Abijan shi ne kuma ke riƙe da babbar alamar addinin Kirista a duk jihar Tawa, wato asibitin mishan da ke bakin hanyar Ƙonni zuwa Madawa.

Tushen labarin yana can nesa. A 1893 wasu samari uku, Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Ikko da niyyar kai wa'azin Bishara ƙasar Hausa. Kafin 1894 ta ƙare, cuta ta kashe biyu, Bingham kaɗai ya koma gida da rai. Shi ya raya ƙungiyar SIM, wadda ta kafu a Najeriya, sannan ta tsallako Damagaram a 1924, daga baya ta yi sansani a Tsibirin Gobir kusa da Maraɗi.

Turawan mulkin Faransa ba su saki jiki da 'yan mishan ba. Baƙi ne masu jin Ingilishi daga Amurka da Kanada, ga shi kuma sun ɓullo ta ƙasar da Ingila ke mulka. Su ma 'yan mishan ɗin ba su damu da Faransanci ba, da Hausa suke wa'azi da waƙa, musamman bayan fitowar Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932, aikin da Dakta Walter Miller na Zariya ya ba da gagarumar gudummawa a ciki. Wannan zaɓi ya kusantar da su ga talakawa, amma ya bar baya da ƙura: yaran da suka tashi a hannunsu sun iya karatun Hausa, ba su da takardar lakwal da ake shiga aikin gwamnati da ita. A ganina, nan ne mishan ta yi gajeren tunani, domin 'yan Katolika da suka rungumi makarantun Faransanci sun sha gabansu a ofisoshi.

Wa'azi a ƙasar da malamai da makarantun allo suka daɗe da kafuwa bai jawo jama'a da yawa ba. Magani ne ya buɗe ƙofa. A 1950 aka buɗe asibitin Galmi ƙarƙashin Dakta Burt Long, likita daga Amurka, sannan aka kafa wurin jinyar kutare a Danja, kudu da Maraɗi. Manomi daga Buza, makiyayi Bafulatani, Buzu daga arewa, har mutanen Sakkwato, duk suka riƙa haɗuwa a layi ɗaya. Mafi yawansu Musulmi suka zo, Musulmi suka koma, sai dai sun tafi da shaidar cewa an duba su da mutunci.

Wajen samun 'yancin kai a 1960, Kiristocin Nijar suka tsayar da ikilisiyarsu, EERN, ragama ta fara komawa hannun 'yan ƙasa. Har yau su tsiraru ne ƙwarai a Adar, kuma a ɗakunan jinyar Galmi suna aiki kafaɗa da kafaɗa da maƙwabtansu Musulmi.